Me ya sa ake ƙera makamin fasa tanka mai linzami da bai wuce mita 600 ba?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya. Ya ce ya ga hotunan sojoji ɗauke da wani kakkauran bututu a kafaɗa, an ce masa makami mai linzami ne na fasa tankar yaƙi, amma da ya bincika sai ya tarar zangonsa mita 600 ne kacal, wani kuma 800. Shi ne yake cewa, tunda akwai masu cin kilomita huɗu har biyar, ina amfanin wannan ɗan gajeren? Kuma me ya raba shi da RPG da kowa ya sani?

Malam, tambayarka ta biyu ita ce mabuɗin ta farko, don haka da ita zan fara. Zan riƙe makamin Eryx na Faransa a matsayin misali, domin shi ne wanda aka ƙera tun daga tushe don wannan ɗan zango, daga baya in kawo NLAW na Suwidin da Birtaniya, wanda ya bi wata hanyar daban ya isa wuri guda.

RPG-7 ya shiga hannun sojojin Tarayyar Sobiyet a 1961, kuma har yau babu makamin fasa tanka da ya kai shi yaɗuwa a duniya. Roka ce kawai. Da zarar ta bar bututu, ta fita daga hannun mai harbi. Iska da nauyinta ne ke iko da ita. Har ma tana da wata ɗabi'a da take ruɗa sabon shiga: idan iska na kaɗawa daga gefe, sai ta tura fukafukan bayanta, kan rokar ya karkata ya nufi inda iskar take fitowa. Gwajin da sojojin Amurka suka yi mata a shekarun 1970 a kan abin da ke tafiya ya nuna cewa a mita 100 da wuya ta kuskure, a mita 200 kusan rabi da rabi ne, a mita 300 kuwa da ƙyar ake samun ɗaya cikin biyar. Wato mai RPG sai ya daure ya bar tanka ta matso har yana jin ƙasa na girgiza a ƙarƙashinsa kafin harbinsa ya zama abin dogaro.

A ɗaya gefen kuma akwai makamai masu linzami na farko-farko, wato waɗanda ake iya gyara wa hanya bayan an harba su, irin Malyutka na Sobiyet, wanda sojojin Masar suka yi wa tankokin Isra'ila ɓarna da shi a yaƙin Oktoban 1973. Yana kai kilomita uku. Sai dai mai harbinsa da hannu yake tuƙa shi, da wata 'yar sanda a kan akwati, yana kallon wutar da ke bayan makamin yana daidaita ta da tankar. Kafin ya gano makamin a sama ya shawo kansa ya ɗora shi a kan layi, ya riga ya ci wajen mita 500. Duk abin da ke ƙasa da haka ya fi ƙarfinsa. Shi ya sa ake haɗa masu Malyutka da masu RPG, waɗannan su tsare nesa, waɗancan su tsare kusa. To ka duba lissafin: RPG ta fara kasawa daga mita 200 zuwa 300, mai linzamin bai fara aiki ba sai a 500. Tsakanin nan akwai fili da tanka take shiga babu mai taɓa ta da tabbas. Makaman da suka biyo baya, irin su Milan na Faransa da Jamus da TOW na Amurka, sun rage wannan giɓin, amma suna da nauyi, sai an kafa su a kan ƙafafu, sai mutum biyu ko uku, kuma ba kowane ƙaramin rukunin sojoji ke da su ba.

Kuma abin da mutane ba sa lura da shi shi ne, zangon makami ba ya amfani sai inda ido ya kai. A yammacin Turai, inda aka shirya wa babban yaƙin tankoki a zamanin cacar baka, ƙasa ce ta ƙauyuka da dazuzzuka da tuddai. Sau da yawa ba ka ganin tanka sai ta fito daga bayan gida ko kurmi. A cikin gari abin ya fi haka. A daren shiga shekarar 1995, jerin gwanon motocin sulke na Rasha sun kutsa birnin Grozny, 'yan Chechniya suka yi musu ruwan RPG daga ƙarƙashin gine-gine da saman benaye, inda bindigar tanka ba ta iya sunkuyawa ko ɗagawa ta kai. A irin wannan wuri mai makamin kilomita biyar bai fi mai na mita 500 komai ba, sai ma nauyin da ya ɗora wa kansa.

Saboda haka abin da aka nema a wajen injiniyoyi shi ne makamin da soja ɗaya zai ɗauka, ya harba daga kafaɗa cikin daƙiƙoƙi kaɗan, ya sami tanka mai tafiya tun daga mita 50, ya fasa ta ko ta gaba ce, kuma ya iya yin haka daga cikin ɗaki. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi wahala, kuma kusan duk siffar Eryx daga gare shi ta fito.

Duk wanda ya taɓa ganin an harba RPG ya san wuta da ƙura da ke fita ta bayan bututu. Wannan wutar ita ce take hana makamin ture mai harbi, domin ƙarfin da ya tura roka gaba an bar shi ya fice ta baya. A fili ba matsala, sai dai a kauce. A cikin ɗaki kuwa bango ne zai maido da ita, matsin iska ya fasa dodon kunne, zafi da hayaƙi su gama da wanda ke ciki. A waje ma ƙurar tana tona asirin inda aka yi harbin, kuma tankar da ke biye da wadda aka harba can za ta juya bakin bindigarta. Masu ƙera AT4 CS na Suwidin, wanda shi roka ce marar linzami, sun magance wannan da ruwan gishiri a gindin bututu, wanda yake tarwatsewa ya shanye ƙarfin. Kamfanin Aérospatiale na Faransa, wanda sashen makamansa ya narke cikin kamfanin MBDA na yanzu, ya bi wata hanya: ya raba tashin makamin gida biyu. Wani ɗan ƙaramin inji ne yake tofo shi daga bututu da gudun mita 18 kacal a daƙiƙa, wato kamar kilomita 65 a awa, gudun da mota take yi a titin gari. Sai ya yi nisa da fuskar mai harbi sannan babban injin ya kama, ya yi ta ƙara gudu har ya kai mita 245 a daƙiƙa a ƙarshen zangonsa.

An warware matsala ɗaya, an haifi wata. Makami mai linzami da fukafukai yake juyawa, su kuwa fukafukai ba sa aiki sai iska na bugunsu da ƙarfi. Ka fitar da tafin hannunka ta tagar mota tana tafiya a hankali, ka karkata shi yadda ka ga dama, ba abin da za ka ji. Bari direba ya taka ta, hannun da kansa zai riƙa tashi yana sauka. Abu mai nauyin kilo 10 da ke tafiya da gudun mita 18 a daƙiƙa ba shi da iskar da zai dogara da ita, ƙasa kawai zai nufa. Kuma ka tuna an ce sai ya iya samun tanka a mita 50, wato dole ya zama a ƙarƙashin iko tun daga fitowarsa.

A nan ne gwanintar Eryx take, kuma a ganina wannan ɗaya ce daga cikin dabaru mafi kyau da aka taɓa sa wa ƙaramin makami. Maimakon hayaƙin injin ya fita ta gindi kamar kowace roka, sai aka fitar da shi ta ƙofofi a gefen jikin makamin, daidai tsakiyar nauyinsa, aka sa 'yan ƙananan ƙarafa masu motsi da suke karkata hayaƙin. Amfanin wannan wurin shi ne, idan ka tura abu ta gindinsa sai ya fara juya kai, sannan daga baya hanyarsa ta sauya, kuma wannan yana cin lokaci da tazara. Idan kuwa ta tsakiyar nauyinsa ka tura shi, gaba ɗayansa yake gusawa gefe nan take, kansa na kallon gaba. Ba ya jiran iska. Shi ya sa yake bin umarni tun yana tafiyar hawainiya, kuma yake iya bin mota mai gudu da ta gitta a kusa, inda mai harbi yake juya jikinsa da sauri.

Amurkawa sun gwada abu mai kama da wannan tun a 1975 da makaminsu M47 Dragon, mai zangon mita 1,000. Su ƙananan rokoki 60 suka jera a jikinsa, suna tashi biyu-biyu, kowane tashi ya gyara hanya ya kuma ƙara tura shi gaba, har ana jin ƙararsu ɗaya bayan ɗaya yana tafe. Sojoji ba su so shi ba. Tashinsa da ƙarfi ne da ƙara, kuma da nauyin makamin ya bar kafaɗa sai jikin mai harbi ya motsa, saiti ya goce, makamin ya bi saitin ya daki ƙasa. Sannan sai mutum ya zauna daram sama da daƙiƙa goma yana bin tanka da ido alhali kowa ya ga inda yake. Darasin Dragon ya nuna cewa tashi a hankali yana da fa'ida ta biyu bayan maganar ɗaki: ba ya firgita mai harbi, ba ya kuma girgiza masa saiti.

Yadda ake jagorantar Eryx kuwa ba sabon abu ba ne, irin na Milan ne. Mai harbi ba ya tuƙa komai. Aikinsa ɗaya: ya ɗora alamar saitin madubinsa a kan tanka ya riƙe ta a nan. A gindin makamin akwai fitila mai walƙiya, a jikin na'urar harbi kuma akwai kyamara da take kallon wannan fitilar, tana auna yadda ta kauce daga layin saiti, sama ko ƙasa, dama ko hagu. Kwamfuta ta lissafa gyaran da ake bukata, ta aika ta wata siririyar waya da take warwaruwa daga jikin makamin yana tafiya. Mutane kan yi dariya idan suka ji makamin zamani yana jan waya a bayansa, amma waya tana da abin da rediyo ba shi da shi: babu mai toshe saƙon da ke cikinta, babu mai jin sa daga nesa, kuma tana da arha. Inda ake kai wa irin wannan tsari hari shi ne wajen fitilar. Rashawa sun sa wa tankar T-90 na'urar Shtora, fitilu biyu a gefen bindiga masu fitar da hasken da ke ruɗa kyamarar mai harbi ta ɗauka fitilar makaminta ce. Maganin da aka yi wa wannan shi ne fitilar makamin ta riƙa walƙiya da wani tsari da na'urar harbi ta sani, ta yi watsi da duk hasken da bai zo da shi ba.

Aibin da ake yawan ambata wa wannan tsari shi ne dole mai harbi ya tsaya a fili har makami ya isa. Gaskiya ne, amma a nan gajeren zango ya zama alheri. Malyutka yana shafe kusan rabin minti kafin ya kai ƙarshen zangonsa, lokacin da ya ishi tankokin Isra'ila su koyi dabarar yin ɓarin wuta a inda suka ga ƙura don su sa mai tuƙin ya sunkuya. Milan yana bukatar kusan daƙiƙa 12 zuwa 13 ya kai kilomita biyu. Eryx daƙiƙa 4.3 yake yi zuwa mita 600, a mita 200 ko 300 kuwa bai kai haka ba. Kafin kwamandan tanka ya gane an yi harbi, ya faɗa wa mai bindiga, a juya, magana ta ƙare.

Sai maganar kauri, tunda ka ambaci kakkauran bututu. Faɗin makamin Eryx ya kai wajen santimita 13 da rabi, kuma ba don ado ba ne. Irin wannan makami ba da gudu yake fasa sulke ba. A cikinsa akwai nakiya da aka yi wa rami mai siffar mazurari ta gaba, aka lulluɓe ramin da jan ƙarfe. Idan nakiyar ta tashi daga baya, sai ta matse mazurarin ta kowane gefe a lokaci guda, ƙarfen ya tattaru a tsakiya ya fita kamar siririn tsinke da gudun kilomita bakwai zuwa goma a daƙiƙa. Mutane da yawa suna ɗauka narka sulke yake yi da zafi. Matsi ne: a irin wannan gudu ƙarfen sulke ba ya iya riƙe kansa, sai ya buɗe hanya. Wani Ba'amurke mai suna Charles Munroe ne ya bayyana asalin wannan tun a 1888, aka mai da shi makami a yaƙin duniya na biyu. Abu biyu suka biyo daga nan. Na farko, ko makamin na tafiya a hankali ko da gudu, ɓarnarsa ɗaya ce, shi ya sa tashi a hankali bai rage wa Eryx komai ba. Na biyu, zurfin da tsinken yake shiga yana bin faɗin mazurarin, a na zamani wajen ninki shida zuwa bakwai. In kana son fasa santimita 90 na ƙarfen sulke, wanda shi ne abin da ake danganta wa Eryx, ba makawa sai makami ya yi ƙiba. A kankare yana ratsa wajen mita biyu da rabi.

Su ma masu tanka ba su zauna ba. A yaƙin Lebanon na 1982 Isra'ila ta fito da tankoki da aka manna wa akwatuna a jiki, Sobiyet ta biyo da nata mai suna Kontakt. Kowane akwati faranti biyu ne na ƙarfe da nakiya a tsakani; tsinken yana taɓa shi sai ya fashe, farantan su yi tsalle su gitta ta cikinsa su wargaza shi kafin ya isa ainihin sulken. Amsar da aka bayar ita ce a sa nakiya biyu a jere: ƙarama a gaba ta tayar da akwatin, babba ta biyo bayan wani ɗan ƙanƙanin lokaci ta bi ta wurin da aka share. A Eryx tsarin cikin ya zo da wata riba. Ƙaramar nakiyar tana can a hanci, injin yana tsakiya, babbar tana baya. Shi tsinken dama yana bukatar ɗan fili kafin ya miƙe ya kai cikakken tsawonsa, kuma wasu makaman sai an sa musu dogon tsinin hanci don a samar da wannan filin. A nan tsawon jikin makamin da kansa ya bayar da shi.

Yanzu ka tara nauyin. Makamin a cikin bututunsa wajen kilo 13, na'urar harbi kilo huɗu da rabi. Idan za a ɗora a kan ƙafafu uku, ga wasu kilo huɗu da 'yan kai, in da dare ne ga madubin ganin zafi. Sojan da ke ɗauke da wannan yana da bindigarsa, harsasai, ruwa, rigar sulke. Kowace mita da ka ƙara wa zango sai ka biya ta da ƙarin man roka, ƙarin waya, madubi mai ƙarfi, da ƙafafun ɗorawa masu kauri, domin kafaɗar ɗan Adam ba ta iya riƙe saiti a kan abin da ke nisan kilomita biyu; numfashi kaɗai ya isa ya kawar da shi. Javelin na Amurka ya kai kilomita biyu da rabi ko fiye, amma ya haura kilo 22, mafi yawanci mutum biyu ne a kansa, kuma sai na'urarsa ta ganin zafi ta yi sanyi ta kama hoton tankar kafin a harba. Waɗanda suka ƙera Eryx sun zaɓi su zuba nauyin a cikin nakiya, su bar zango. Da gangan ne.

NLAW ya zo daga baya, kamfanin Saab ne ya tsara shi, ana harhaɗa shi a birnin Belfast na Ireland ta Arewa a masana'antar kamfanin Thales, sojojin Birtaniya suka fara riƙe shi a 2009. Nauyinsa kilo 12 da rabi gaba ɗaya, tsawonsa ya ɗan haura mita guda, zangonsa daga mita 20 zuwa 800, kuma sau ɗaya ake harba shi a yar da bututun. Shi ma a hankali yake tashi, ana harba shi daga ɗaki. Amma ba shi da waya, ba shi da fitila, ba shi da idon da ke kallon tanka daga nesa. Mai harbi yana bin tankar da saiti na kamar daƙiƙa uku kafin ya danna. A cikin wannan lokaci na'urorin cikin makamin suna auna yadda bututun yake juyawa, su lissafa inda layin saitin zai kasance nan gaba. Bayan harbi makamin yana bin wannan lissafin da kansa, yana gyara abin da iska ta ɓata, mai harbi kuma ya kama gabansa. Ba a ma bukatar a ƙiyasta nisa. Akwai masu gardamar cewa wannan bai cika makami mai linzami ba tunda ba ya ganin abin da yake nufa, kuma suna da hujja: idan direban tanka ya taka birki ko ya sauya hanya bayan an harba, makamin bai sani ba. Abin da ya cece shi shi ne gajeren zangon nan dai. A cikin daƙiƙa biyu ko uku, ƙarfe mai nauyin tan 45 ba ya iya sauya abin da yake yi sosai. A kilomita biyu wannan dabara ba za ta yi aiki ba.

Wajen fasa sulke ma NLAW ya kauce wa gasar kauri. Maimakon ya tunkari gaban tanka, inda aka tara mafi yawan sulke, sai ya bi ta samanta da tazarar kamar mita ɗaya. Na'urorinsa masu jin maganaɗisun ƙarfe da masu gani suna gane cewa yanzu yana bisa tanka, nakiyar da aka kifa tana kallon ƙasa ta tashi ta huda rufi. Rufin tanka siriri ne idan aka kwatanta da gabanta, domin babu injin da zai ɗauki tankar da aka yi wa kauri ta ko'ina. A tankokin gidan T-72 ƙirar Sobiyet kuma harsasan babbar bindiga suna jere ne a da'ira a ƙarƙashin inda ma'aikata ke zaune, shi ya sa aka yi ta ganin hotunan tankoki kansu ya cire ya faɗi gefe a Yukren. Birtaniya ta aika wa Yukren da wajen NLAW 2,000 a Janairun 2022, makonni kafin Rasha ta shiga, kuma sun yi tasiri a kan hanyoyin arewacin Kyiv, inda daji da ƙauyuka suka tilasta wa motoci bin kwalta. Wannan tsari na bi-ta-sama yana da wata fa'ida: tankar da ta ɓoye jikinta a bayan tudu, kanta kawai ake gani, ba ta tsira ba. Idan kuma gini ne ko mota marar sulke, akwai maɓallin da ake juyawa makamin ya daki abin kai tsaye.

In ka tambaye ni wanne ya fi, zan ce Eryx ya fi burge injiniya, NLAW ya fi dacewa da sojan da ke cikin tsoro. Wanda ake harbi, hannunsa na rawa, ƙura ta cika masa ido, daƙiƙa huɗu na riƙe saiti suna da tsawo a wurinsa. Kuma koyar da NLAW ba ya cin lokaci, abin da ya yi wa Yukren amfani da ta ɗebi fararen hula ta ba su makami. Amma Eryx yana da abin da wancan ba shi da shi: mutum yana da iko da makamin har ya isa, yana iya bin motar da ta yi kwana, yana iya zura shi ta wata taga takamaimai, kuma na'urar harbinsa ana sake ɗora mata wani bututun. Faransa da Kanada da Norway da Turkiyya da Brazil da Malesiya duk sun saye shi. Sai dai zamani ya karkata ga waɗanda ake harbawa a manta da su, kamar Spike-SR na Isra'ila, wanda yake da idonsa na kansa kuma nauyinsa wajen kilo goma ne.

Duk wannan bayani yana da iyaka, kuma iyakar ita ce irin ƙasar da ake yaƙi a kanta. Misali mafi kusa da mu shi ne Chadi. A ranar 2 ga Janairun 1987 dakarun Chadi ƙarƙashin Hassan Djamous suka afka wa sansanin Libiya a Fada da motocin Toyota a-kori-kura da aka ɗora wa makaman Milan da Faransa ta bayar, suka ƙona tankokin T-55 gommai, a watan Maris kuma suka karɓe sansanin Libiya na Wadi Dum. A wannan sahara ido yana kai kilomita da yawa, babu bangon da za a laɓe, mota ce ke ɗaukar nauyin ba kafaɗa ba. A can makamin mita 600 zai sa ka shiga cikin zangon bindigar tanka da manyan bindigoginta masu sarrafa kansu tun kafin ka iya taɓa ta. Saboda haka rundunar da filin dagarta Sahel ne, in kuɗinta na abu ɗaya ne, mai dogon zango ya kamata ta fara saya. Ga shi kuma abokan gabar da ake fuskanta a yankin ba su cika zuwa da tankoki ba, sai babura da motoci masu bindiga a baya, wani lokaci da motar da aka cika da nakiya aka lulluɓe da faranti. A kan wannan ta ƙarshen makami mai linzami yana da amfani ƙwarai, kamar yadda Kurdawan Iraƙi suka nuna da Milan ɗin da Jamus ta ba su a 2014, amma a nan ma nisa ake so, domin motar da ta tashi a mita 100 ta riga ta yi rabin aikinta. Kuma harba makamin dala dubu 30 ko 40 a kan babur asara ce.

Abu biyu ne suke matsa wa wannan jinsin makami a yanzu. Ɗaya shi ne na'urorin da ke kakkaɓo makami kafin ya iso, irin Trophy na Isra'ila, wanda ya fara yin haka a fagen fama a 2011: na'urar rada ce take hango abin da ke tahowa, a harba masa tarwatsi a tare shi a hanya. Makami mai tafiyar mita 200 a daƙiƙa abu ne mai sauƙi a wurinta, ko da yake harbi daga kusa sosai yana rage mata lokacin shiri, kuma har yanzu tankoki kaɗan ne a duniya suke da ita saboda tsada. Na biyu shi ne ƙananan jirage marasa matuƙi da ake ɗaura wa kan RPG, waɗanda kuɗinsu bai wuce 'yan ɗaruruwan daloli ba, suna tafiya kilomita goma ko fiye su faɗa ta rufi ko ta injin. Tun daga 2023 su ne suka karɓe mafi yawan aikin farautar tankoki a Yukren, har da aka matsa musu da toshe rediyo, sai ga su sun koma jan siririyar waya ta gilashi a bayansu. Amma jirgin yana bukatar mai tuƙi da ya ƙware, da mataimaki, da batir, da wurin zama a natse, da mintuna kafin ya isa, kuma iska mai ƙarfi ko hazo suna hana shi tashi. Sojan da motar sulke ta ɓullo masa daga kwanar layi a mita 80 ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, shi ya sa Birtaniya ta sake ba da odar dubban NLAW a ƙarshen 2022 don cike gurbin waɗanda ta bayar.